Ranar da na kai ɗan goggona tafkin Geriyo

Ni ba mai riƙo ba ne, amma shekara bakwai na yi ina riƙe da ɗan goggona a zuciya. Taubashina ne, a kan duwatsun Michika aka haife shi. Shekarar da muka jefa ƙuri'ar zama a Najeriya na je gaida goggo, shi ya yi mini jagora. Muna tsakiyar hawa jiri ya ɗebe ni, na koma rarrafe. Maimakon ya miƙo mini hannu, sai ya ƙwala wa matan da ke noma a gangare kira su zo su ga yadda ’yan Mubi ke hawa dutse. Tun daga ranar, duk sunan da aka yi a dangi sai ya duƙa ya kwaikwaye ni, har tsofaffi na share hawaye.

Ni kuwa na yi yawo, na san abin da mutumin dutse bai sani ba. Da na ji wata babbar mota za ta kai gyaɗa Jimeta, na ce ya zo ya ga birni. Direban na zaɓa da gangan, don duk tashar Mubi babu mai bakinsa.

Da asuba muka tashi. Muna isa duwatsun Hong, rana ta fara taɓa kawunansu, wallahi abin kallo ne. Ɗan goggo ko sai ya taɓe baki.

“Waɗannan ai shuri ne, bawana. Ko kai ka iya hawa, in an ba ka kwana biyu.”

Na yi dariya tare da shi. Na ma ƙara masa goro.

Wajen haye kogin Binuwai a jirgin fito, kowa ya sauko yana kallon ruwa, shi ya ƙi fitowa daga mota, wai barci yake ji. Nan na san na samu.

Bayan an sauke kaya na ja su bakin tafki, na yi wa wani masunci raɗa. Direba ya tsaya a gaɓa, mu muka shiga kwalekwale. Da muka ɗan yi nisa, masuncin ya fara jijjiga shi a hankali. Ɗan goggo ya yi abin da ya saba yi a kan dutse: ya miƙe tsaye ya ware ƙafafu. Kwalekwale ya karkata, ruwa ya shigo, mutumina ya zube ya rungume ƙafata.

“Ɗan kawu, ka rufa mini asiri! A mai da ni tudu!”

“Ban ji ba. Iska ta yi yawa.”

“Tsoro nake ji!”

“Ɗaga murya, direba na da ciwon kunne.”

Ya ɗaga, har masu wanki suka waiwayo. Sai masuncin ya sauka cikin ruwan ya tsaya. Iyakarsa gwiwa.

Da ƙafa ɗan goggo ya fita, wandonsa na ɗiga. Muka sayi gasasshen kifi, ya ƙi ci. Can ya matsa kusa da direba, murya ƙasa-ƙasa.

“Maigida, don girman Allah, maganar nan ta tsaya a Jimeta.”

Direba ya zare ƙaya daga bakinsa, ya dafa ƙirji.

“Haba! Ba wanda zai ji. Sai dai uwargida, ita ba na ɓoye mata komai.”

Uwargidan nan ita ke sayar da ƙosai a ƙofar kasuwar Mubi. Na cinye kifina, na cinye nasa.