Albasar da Na Hana wa Ruwa

Gashin baki ne ya hana ni shiga Midil, kuma ba wasa nake yi ba. Shekarar da muka gama elemantare a Wurno na riga na kere wa sa'o'ina tsawo, ga wasu 'yan gashi marasa kunya sun tsiro mini a leɓe. Ranar da Baturen makaranta zai zo zaɓen waɗanda za a kai makarantar Midil a birni, Inna ta sa wanzami ya kankare su tas. Aikin banza. Baturen ya ji lissafina ya gyaɗa kai, sannan ya ɗaga haɓata da yatsa, ya ce wa tafinta na yi girma. Aka ɗauki 'ya'yan manya da wasu ƙanana masu sa'a, ni aka ce in koma gida.

Baba bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Shi malamin rubutu ne a ofishin gunduma, wasiƙun ajami yake yi tun kafin a haife ni, haka ma ubansa. A wurinsa duniya ta riga ta rabu biyu: waɗanda suka shiga Midil za su ci albashi su hau keke, sauran kuwa su ƙare a gindin bango. Sai ya nemo mini aikin masinja, wai ko ba komai ina kusa da masu biro. Garkarmu ta gado da ke fadama kuma ya ce zai bar wa wani maƙwabci, tunda gidanmu babu mai riƙe fartanya.

Ni kuwa na tsani aikin nan tun ban fara ba. In riƙa gudu da takardun yaran da na koya wa jimla a aji? Na durƙusa na roƙe shi ya ba ni garkar rani ɗaya tak.

“Rani guda,” in ji shi. “In ba ta yi ba, ka sa kaki ka tahi ohis, kuma kak ka sake yi man zancen ga.”

Na tafi Goronyo wurin Kawu, yayan Inna, wanda ya tsufa a noman albasa. Mutum ne mai tsokana. Ya kama tafin hannuna ya jujjuya, ya ce ko amarya ta fi ni kanta. Amma ya ba ni iri, ya biyo ni har garkar ya nuna mini yadda ake ja fangali, wato 'yan ɗakunan da ake tare ruwa a ciki, da yadda ake dashe ba a nutsar da wuyan shuka ba. Daga nan sai jigo, doguwar sandar da ake ɗago gugan ruwa da ita daga rijiya. Wanda bai taɓa jan jigo daga asuba zuwa hantsi ba bai san yana da ƙugu ba. Hannuna ya fashe, ya warke, ya sake fashewa. Sau biyu na zauna bakin rijiya na yi kuka don haushi, sannan na tashi na ci gaba, don da na tuna kakin masinja sai ƙarfi ya dawo mini.

Albasa ta yi kyau. Da ta ƙosa, lawashi ya fara kwantawa, Kawu ya zo ya tona ɗaya ya latsa wuyanta.

“Daga yau ka rataye guga,” ya ce. “Mako biyu ko ɗigo kak ka ba ta. Wadda tas sha ruwa gab da cira, ruɓewa takai cikin rudu. In ka hana ta, sai ta kai ka damina, sa'ad da babu ta kasuwa.”

Na rataye guga. Cikin kwana shida garka ta zama abin tausayi, ganye ya yi rawaya ya zube, ƙasa ta tsattsage. Ana haka sai ga Baba, wanda bai taɓa taka wurin ba. Ashe wani ya kai masa labari wai na gaji na watsar da aiki. Ya tsaya bakin fangali da babbar rigarsa, ya dubi garkar, ya dube ni zaune a inuwa.

“Mi nika gani haka? Ɗiyan mutane na can suna karatu, kai kana nan ka kashe albasa da ƙishirwa! Tashi ka ɗau guga.”

“Baba, ka gahwarce ni, ba a ba ta ruwa yanzu.”

“Ni nac ce ka ba ta.”

Tun da nake ban taɓa mayar masa da magana ba. Gaskiya tsoro nake ji, don ban taɓa ganin abin da Kawu ya faɗa da idona ba. In tsohon ya yi kuskure, na rasa albasa na rasa uba. Amma na san in na ɗauki gugan nan na gama zama masinja. Na sunkuyar da kai na ce ba zan ba ta ba. Ya juya ya tafi. Wata uku gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma da ƙyar yake amsawa.

Na cire albasa, na shanya ta, na jera ta a rudu, rumbun kara mai ƙafafu da iska ke ratsawa. Maƙwabta suka kwashe tasu zuwa kasuwa lokacin da take arha kamar ƙasa, suna yi mini dariya wai ɗan boko yana jiran ta haihu. Kowace safiya sai na shiga na shinshina, na fitar da wadda ta yi laushi. Kaɗan ce ta lalace. Da ruwa ya sauka sosai, fatake daga Rabah da birni suka riƙa sallama a ƙofar gidanmu da jakunansu, ni ne ma nake cewa a dawo gobe.

Ba zan yi ƙarya ba, waɗanda suka shiga Midil sun ci gaba, wasunsu sun yi nisa ƙwarai, kuma na daɗe ina jin zafin abin. Abin da na ƙi yarda da shi kawai shi ne a ce ƙofar arziki ɗaya ce, kuma an rufe ta ranar da aka duba haɓata.

A daminar nan ce aka kawo wani saurayi da ya gama Midil ofishin su Baba. Takardu sun koma boko, aka yi wa Baba godiya aka ce ya huta. Sai a lokacin na gane ba raina ni yake yi ba, ya daɗe da hango abin yana zuwa, tsoro yake ji mini. Hatsin da muka ci a gidan shekarar nan daga kuɗin albasar rudu ya fito, kuma babu wanda ya ɗaga zancen.

Da lokacin dashe ya zagayo, ina cikin jan fangali da safe sai na ji sallamar Baba. Ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshe, ya tsaya da 'yar shara, yana kallon ko'ina ban da fuskata.

“In da wuri, ka ɗebe man hwangali biyu,” ya ce.

Na dubi hannuwansa, babu kanta ko ɗaya, sai baƙin tawada a yatsa. Na kai shi na kusa da rijiya, inda ruwa ba ya nisa, na ce masa nan ƙasar ta fi kyau. Ya san ba gaskiya ba ne. Ya ce to, ya miƙo hannu na ba shi fartanya.