Jirgin da Iya Ta Zaɓa

A gidanmu na Koki, da an idar da sallar isha'i an kwashe kwanukan tuwo, yara ba mu da wata alƙibla sai ɗakin Iya. Iya kakarmu ce ta wajen uba, 'yar tsohuwa siririya mai kaifin baki, wadda duk unguwa aka san ta da kaɗin zare. Takan sa a zubo mata garwashi a kasko a ajiye a bakin ƙofa, ta miƙe ƙafafu a kan tabarma, ta jawo mazarinta da audugarta, mu kuma mu kewaye ta kamar 'yan tsaki. Wuri ɗaya muke rububi a kansa, wato gefen damarta, inda idan barci ya kwashe ka kanka zai faɗa kan cinyarta. Rububin banza muke yi, don wurin yana da mai shi.

Mai shi kuwa Maigida ne, ɗan baffana, sa'ana. Sunan kakanmu marigayi aka sa masa, ita kuma Iya, kamar sauran matan zamaninta, ba ta taɓa kama sunan mijinta da bakinta ba, ko bayan ransa. Shi ya sa yaron ya tashi Maigida, kuma ya ci moriyar sunan har ya gaji. Ƙanzon tukunya nasa ne. Tsokar da ta ɓuya a ƙasan miya tasa ce. Ni kuwa Habu ne, Habu tsura, sunan da bai tuna wa kowa da kowa ba. In na matsa kusa sai ta ce, "Kai ja'iri, ja can, za ka tsinka min zare." In shi ne ya tsinka zaren sai ta ce audugar bana ce ba ta da kyau. Ban ƙi Maigida ba, tare muke cin abinci, tare muke shan duka a makarantar allo. Amma ina kishinsa, kishi mai zafi, irin wanda yake hana yaro jin daɗin tuwo.

Iya tana da tatsuniyoyi barjat, na kura, na biri, na 'yan matan da suka je ɗiban ruwa suka gamu da abin da ya fi ƙarfinsu. Takan buɗe da cewa, "To ga ta nan ta taso, mai kunne ya matso," mu ce ta iso lafiya. Amma akwai guda ɗaya da ba a jin ta a bakin kowace tsohuwa sai ita, kuma ita na fi so: tatsuniyar kifin ƙarfe.

Wai an yi wani sarki a bayan teku da rigima ta yi masa yawa, sai ya aiko masu ganga gari-gari suna kiran samari, za a ba su kaki da takalmi mai nauyi. A cikin waɗanda suka amsa akwai abokai biyu. Ɗaya sabon ango ne, ɗayan kuwa yaro ne mai son dariya, wanda yayarsa ta raine shi tun uwarsu ta rasu. Aka zuba su a jirgin ƙasa aka yi ta tafiya har inda ƙasa ta ƙare, ruwa ya fara, ruwan da ba a hango ɗaya gaɓar. Nan wani kifi na ƙarfe ya taso, ya ɗora haɓarsa a kan yashi, ya wangale baki. Ya haɗiye samarin, ya haɗiye motoci, ya haɗiye igwa da alfadarai, sannan ya rufe bakinsa ya juya.

Daga nan labarin ya zama na cikin cikin kifi. Yau ta ba mu yadda ruwa ya juya musu ciki, kowa ya rungumi bokiti, yaron nan mai dariya yana cewa tun da kifi ya ci su dole shi ma ya ɗanɗana abin da suka ci. Gobe ta ba mu yadda suka rasa gabas, kowa ya kalli inda zuciyarsa ta ba shi ya tayar da sallah. Jibi kuma yadda yaron yake ɗinka wa abokansa hula da zaren da ya warware daga bargo. Kullum akwai sabon abu, amma kifin ba ya isa ko'ina. Ita kaɗai ce tatsuniyar da ban taɓa jin Iya ta ce mata ƙurunƙus ba.

"Iya, to ina ya kai su?"

"Yana tafe," in ji ta. "Teku ce fa. Ka ɗauka kududdufin bayan gidanku ne?"

Sai ta ja toka ta rufe garwashin, mu watse.

Mun san sama-sama cewa kakanmu ya yi soja a yaƙin Turawa, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Bama, kuma ya dawo yana ɗingishi. Don haka muka yanke cewa shi ne angon. Wani dalilin ke nan da ya sa Maigida yake hura hanci duk daren da aka yi ta, kamar shi ne ya shiga cikin kifin.

Wata ranar hutu, a zauren wani maƙwabcinmu mai talabijin, aka nuna fim ɗin yaƙi baƙi da fari. Muna cunkushe, ana ta ture-ture, sai ga shi. Jirgin ruwa mai faffaɗan gaba ya zo ya dunguri yashi, gabansa ya faɗo ƙasa kamar harshe, sojoji da motoci suka kwararo, wuta tana tashi ta ko'ina. Na miƙe tsaye har aka ranƙwashe ni ta baya. Kifin Iya ne! Na ga inda ya kai su, na ga ƙarshen da ita kanta, a tunanina, ba ta sani ba. A wurin na ƙudura cewa zan gina mata shi, ta gani da idonta. Kuma ranar da ta gani, za a san wane ne zai zauna a gefen dama.

Abu ɗaya da Allah ya ba ni wanda bai ba Maigida ba shi ne hannu. A layinmu ba wanda ya kai ni iya motar kara. Na samo wani tsohon tire mai faɗi da aka jefar a bayan madafa. Rabi na shimfiɗa masa yashi mai laushi da na tankaɗe da rariyar mahaifiyata a ɓoye, rabi na dama yumɓu na yi masa tudu-tudu kamar igiyar ruwa, na shafe da bular wanki. Jirgin da gwangwanin kifi na yi shi, na buɗe shi na daddaka da dutse har ya miƙe, na lanƙwasa. Ƙofar gaban ce ta ba ni wuya. Sai da na yanke yatsa, na ɓata gwangwani ya fi a ƙirga, kafin na gane yadda zan huda ƙananan ramuka da ƙusa in zura waya, ƙofar ta riƙa sauka tana tashi. Motocin da cikin karan dawa na yi su, na harhaɗa da tsinken ɓawonsa, tayoyin kuma na yanko daga tsohon silifa. Na yi tankar yaƙi da akwatin ashana da marfin kwalba. Sojojin na yumɓu ne, kowanne da tsinken tsintsiya a kafaɗa. Na jera su suna fitowa daga bakin jirgin, wasu a guje, wasu a durƙushe. Na gaba ɗin na kwantar da shi a kan yashi, hularsa ta faɗi gefe, kamar yadda na gani a fim.

Ba a ɓoye abu a gidan yawa. Maigida ya leƙo ya gani, ya ce shi ma zai yi. Na bar shi, don na san hannunsa. Ya samo gwangwanin madara ya taka shi da ƙafa, ya cusa 'yan dunƙulen yumɓu a ciki ya ce sojoji ne. Da ya zo kan ƙofa ya kasa, sai ya matse bakin gwangwanin da dutse ya huta. Ya ɗora shi a kan murfin kwano, ya yayyafa bula. Ba yashi, ba mota, ba komai. In ka girgiza shi sai ka ji sojojin suna ƙwaram-ƙwaram a ciki. Na yi dariya har da riƙe ciki.

Ranar da muka kai mata, na bari sai da aka gama zama, wuta ta kama sosai. Na shigo da tirena a hankali na ajiye a gabanta, inda hasken garwashi zai bugi gwangwanin. Yara suka yi caa. Har matan gida suka leƙo, wata tana cewa wannan yaro sai dai a yi masa addu'ar tsari daga baki. Na sa yatsa na ɗaga ƙofar, na sake ta ta sauka.

"Iya, ga inda kifin ya kai su."

Mazarin ya tsaya. Ta sunkuyo ta daɗe tana kallo, ta bi jirgin, ta bi motocin, ta zo kan na kwancen nan ta tsaya. Ina jiran kalma ɗaya tak. Sai ta ɗaga kai ta kalli bango.

"Ɗauke min shi daga nan," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Maigida, mu ga naka."

Ya miƙa mata wannan abin kunya. Ta karɓa da hannu biyu, ta kai kunne ta girgiza, ta ji ƙwaram-ƙwaram, ta yi murmushi.

"Yauwa. Duk suna ciki. Allah ya yi maka albarka."

Ta tashi da kanta, ita da ko buta sai an miƙo mata, ta ɗora shi a saman jeren kwanukanta, wurin da ba a yarda ko kallonsa mu yi da yawa ba. Daren nan ba a yi tatsuniya ba, ta ce kanta yana ciwo.

Ban iya kwatanta abin da na ji ba. Na fita da tirena, na ajiye shi a bayan rumbu, ruwan sama ya zo ya gama da shi, ban ko je na duba ba. Na gama yanke hukunci: suna ne. Da Maigida zai kawo mata dutse, ni in kawo zinariya, dutsen za ta ɗauka, saboda wani mutum da ban taɓa gani ba ya riga ya ci min gasar tun kafin a haife ni. Na koma zama can baya kusa da ƙofa. Duk lokacin da na ɗaga ido sai in ga gwangwanin nan a sama yana ƙyalli, in ji kamar an zuba min barkono. Har tambayar mahaifina na yi me ya sa ba ni aka sa wa sunan ba, ya ce in tashi in ba shi wuri.

Shekaru suka tafi. Hannun nan ya zama sana'ata, ni nake yi wa masu zanen gine-gine ƙananan samfurin gidaje da unguwanni, waɗanda ake sawa a gilashi manya su zagaya suna gyaɗa kai. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci na shiga gaishe da Iya. Ta tsufa tukuf, ido ya yi rauni, an daina kaɗi. Gwangwanin yana nan a sama, ya yi tsatsa. Na ce bari in tsokane ta yadda jika yake tsokanar kaka, ko da yake ni na san ba wasa ne zalla ba.

"Iya, har yau ban yafe miki ba. Kika zaɓi wancan tarkacen kika bar nawa, don kawai mai shi mijinki ne."

Ta juyo wajen muryata. Sai ta ce, "Kai dai ba ka da wayo tun kana yaro. Wa ya ce maka don kakanku Malam ne? Malam ai ya dawo. A ɗakin nan ya rasu, aka yi masa wanka, aka kai shi."

Ta gyara zama.

"Isuhu ne bai dawo ba. Ƙanena. Ni na goya shi. Malam ya fara ba ni labari sau ɗaya, ya ce da aka saki ƙofar jirgin, Isuhu ne a gaba. Na ce ya isa. Bai ƙara ba, ban ƙara tambaya ba. Ban ga gawa ba, ban ga kabari ba. To ni a wajena yana ciki, yana ba mutane dariya. Sai ga ka da tire, ka buɗe bakin, ka kwantar min da shi a kan yashi, har da hularsa a gefe."

Na rasa inda zan sa kaina. Amma ka ji halin ɗan Adam: da gemuna, da 'ya'yana a gida, abin da ya fito daga bakina shi ne, "To amma ya yi kyau?"

Ta yi dariya har da tari. "Ya yi kyau mana, ja'iri. Da bai yi kyau ba ai da na iya kallonsa."

Na daɗe ina juya maganar nan. Na gane cewa tatsuniyar ba don mu take yin ta ba, ɗaki ne ta gina wa ƙanenta ta ajiye shi a ciki, mu 'yan rakiya ne. Na gane kuma cewa wanda ya bar labari ba ƙarshe, ba lallai ne don bai san ƙarshen ba. Wannan ya yi min amfani a zama da mutane, ya koya min in riƙe bakina a gidan makoki da gaban marar lafiya.

Sai dai ba zan ce kishin ya tafi ba. Maigida yana nan yana sayar da yadi a kasuwa, na tambaye shi, ko tuna gwangwanin bai yi ba. Shi da ya kasa yin ƙofa ya samu albarka a take, da cinya, da shekaru a saman jere. Ni da na iya, na samu jimla ɗaya bayan na yi gemu. Na san tawa ta fi nauyi, an faɗa min, ni ma na faɗa wa kaina. Amma da za a mayar da mu gaban kaskon nan a ce in zaɓa, wallahi da na matse bakin gwangwanina da dutse.