Masu Gasa Masara a Gindin Dutse

Makon jiya, ina dawowa Katsina da lodin dankali daga Filato, na tarar an fasa dutsen nan mai wahalar hawa, har an zuba kwalta a hannu ɗaya. Sai na tuna kawuna, wanda ya koya mini wannan fatauci.

A da, dole direba ya tsaya a gindin dutsen inji ya huce. Nan wasu mata ke gasa masara. Kawu ba shi da haƙoran cinta, amma kullum sai ya saya, ya ɗumama hannunsa da ita, ya miƙo mini.

Ranar da muka fara ganin katafila a wurin na ce, "Kawu, mun huta!"

Ya ce, "Kai dai ka huta. In mota ta daina tsayawa, matan nan fa?"

Bai ga ƙarshen aikin ba. Direbana ya so mu wuce, don dankali ba ya son rana. Na ce ya tsaya. Mata biyu kaɗai suka rage, ɗayarsu ta tambaye ni ina tsohon nan mai farar hula. Na daɗe kafin na iya faɗa mata.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya sa ka tarar da masu tsaya maka.