Maɓalli na Huɗu

Mai Maɓalli ake ce mata a layinsu, har yaran da ba su san mafarin sunan ba. Shekara arba'in tana taka keken ɗinki a ɗan shagon da ke jikin gidanta, kuma ba ta taɓa cika baki a kan iya yanka ko iya ado ba. Abu guda ne alfaharinta: maɓallin da ta ɗinka ba ya faɗuwa. Riga ta tsufa, ta yage, ta koma tsumman goge tebur, maɓallin na nan daram. Idan mai kaya ya ce a yi masa sauri, sai ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Kai wa mai sauri, jibi ka dawo mini da maɓallin a aljihu."

Mijinta mai zane ne, amma ba irin zanen da mutane ke so ba. Ba fuskar mutum, ba gida, ba itace. Launi ne zalla, ja a kan shuɗi, wani layi ya taso daga gefe ya ɓace a tsakiya. Maƙwabta ba su raga masa ba. Mai gyaran rediyo ya taɓa leƙowa ya ce, "Malam, wannan ina ne samansa?"

"Me ka ji da ka kalle shi?" in ji mai zanen.

"Wallahi yunwa."

Ita ma, a faɗi gaskiya, ba ta gane ba. Amma ita ke yanka masa ƙyalle mai kauri, ta ja shi a kan katako, ta kafe da ƙananan ƙusoshi. Ya taɓa ce mata ba sai ta gane ba. Idan ta kalla ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta, to zane ya fito. Tun daga nan duk wanda ya gama sai ya kira ta daga shago ya tambaya, "Ya fito?" Idan bai yi mata ba, ba ta jin nauyin cewa, "Da saura, Malam."

'Ya guda Allah ya ba su. Da hantsi aka haife ta, sai uban ya riƙa kiranta Hantsi, sunan ya bi ta har girma. Ta yi karatu, ta samu aikin jinya a wani gari mai nisa, sai ta yi wata uku ko huɗu ba ta leƙo gida ba.

A shekarun nan ne idon Malam ya fara mutuwa. Da farko gefe-gefe ne ke ɓace masa, daga baya komai ya zama hazo, har ya kai ga in ban da hasken taga ba abin da yake bambancewa. Ranar da likita ya ce jijiyar ba za ta dawo ba, a kan hanyar gida ya riƙe hannun matarsa ya ce, "Ki rantse mini ba wanda zai ji. Ina gani ma cewa suke shirme nake yi. In suka ji, za su ce makaho ne ke yaɓa fenti."

"Har Hantsi?"

"Ita ce ta farko. Aiki za ta bari ta zo ta zauna gadina."

Ta rantse. Sannan ta zauna ta yi abin da ta iya. Ta yanka ƙyallaye sirara, ta ɗinka musu maɓallai, ta ɗaura wa kowane gwangwanin fenti nasa a wuya. Maɓalli ɗaya ja ne, biyu shuɗi, uku rawaya, huɗu baƙi, fari kuwa ba komai. Malam ya sa baƙin tabarau, ya haddace ɗakinsa taku-taku, ya ci gaba da aiki yana karanta launi da yatsa. Shekara biyu suka yi a haka ba wanda ya ankara.

Sai Hantsi ta zo hutu. Ta tarar da uwarta ƙafa a kumbure tana taka keke, uban kuma yana ɗaki cikin warin fenti. Ranta ya ɓaci, kuma ita ma bakinta ba ya ɓoye abin da ke ciki. Ta tsaya a ƙofar ɗakin ta ce, "Baba, shekara talatin Mama na ci da mu da ƙafarta, kai kana yaɓe-yaɓe. Wannan ko yaro ya tuntsurar da gwangwani zai yi shi. Kuma ina maka magana, ko kallona ba ka yi!"

Ya juyo da fuska wajen muryarta, amma ya kauce kaɗan, yana fuskantar jikin ƙofa. Da safe Hantsi ta ɗauki jakarta ta tafi ba sallama.

Wata biyu bai taɓa buroshi ba. Rannan ya ce wa matarsa ta ja masa ƙyalle mafi girma. "Zan yi wa yarinyar nan nata. Rawaya tun daga sama har ƙasa. So nake in ta shigo ya kashe mata ido."

Murna ta kama Mai Maɓalli. Ta duba ƙyallayen gwangwanayen ta ga fenti ya bushe a kansu, ya cike tsakanin maɓallan, sai ta kwance su duka ta jiƙa, ta dirje, ta shanya. Da suka bushe ta mayar da kowanne wurinsa. Da ido ta mayar, tana bin tabon launin da ya rage a jikin ƙyallen. Ba ta ƙirga ba. Me zai sa ta ƙirga? Maɓallinta ai ba ya faɗuwa.

Washegari ta fita kai ɗinkin wata makaranta, aka tsayar da ita gwaji har bayan azahar. Da ta dawo, tun daga tsakar gida ta jiyo dariyarsa, dariyar da ta yi wata biyu ba ta ji ba. Yana tsaye a gaban ƙyallen, hannayensa baƙi ƙirin har gwiwar hannu. Ƙyallen ma baƙi ƙirin, tun daga sama har ƙasa. A gefen ƙafarsa ga gwangwanin baƙi a buɗe, da maɓalli uku a wuyansa.

"Ya fito?" ya tambaya.

Wayyo, wannan tambaya. Ta dubi fuskarsa, duk ta cika da farin ciki kamar ta yaron da ya ci jarrabawa.

"Ya fito, Malam," ta ce.

"Rubuta a bayansa. Hantsi."

Ta rubuta. A tsakar gida, a gindin robar wanki, ta tsinci maɓalli na huɗu, wanda ya cire daga ƙyallen gwangwanin baƙi. Ta ƙudura a ranta za ta ja wani ƙyallen, ta ce masa wancan ya yage a kan katako, ya sake. Kwana uku tana neman yadda za ta fara. A na huɗu Malam ya yanke jiki ya faɗi, bai ƙara magana ba, kafin mako ya cika ya rasu.

Hantsi ta iso, ta shiga ɗakin uban, ta ga zanen, ta juya bayansa ta karanta sunanta. Ta fito ba hawaye. Daga ranar ba ta ƙara cewa "Baba" ba. Idan ya zama dole, sai ta ce "marigayi". Uwar tana gani, ta kuma san dalili sarai. Sau nawa ta buɗe baki ta rufe! Rantsuwa na nan, wannan gaskiya ne. Amma kada a yi mata kara da yawa: akwai kunya kuma. Ta kasa cewa hannunta ne ya yi wannan ɓarnar. Maɓallin ta ƙulle shi a bakin hankici, yana cikin jakarta duk inda za ta.

Mutane kuwa, da mutum ya mutu sai idonsu ya buɗe. Waɗanda ba su taɓa sayen ko ƙyalle ɗaya ba suka zo suna girgiza kai. Aka kwashi zane-zanensa aka rataye a wani babban zaure, aka yi ta rubuce-rubuce a kan baƙin nan mai suna Hantsi. Bayan shekara tara wani saurayi mai shirya wasan kwaikwayo ya zo shagon, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce ya rubuta wasa a kan Malam. Ya tambaye ta me ya sa zanen ƙarshe ya zama baƙi. Ta ce ita tela ce, ba ta san zane ba. Ya bar mata tikiti biyu na wasan ƙarfe uku. Ta yi mamaki da Hantsi ta ce za ta zo.

Suka zauna a layi na biyu. Ɗan wasan da ya fito a Malam dogo ne, da gemun roba, yana ta zarya a kan dandamali yana ɗaga murya, Malam da ko kaza bai iya kora da tsawa ba. "Zane ba ado ba ne!" in ji shi. "Zane rauni ne da aka rataye a bango!" Mai Maɓalli ta yi tsaki a ciki. An sa masa mata ma, ba ta da aiki sai kawo shayi. Wannan bai dame ta ba.

Sai wata yarinya ta shigo da kayan jinya, ta zazzaga wa uban magana, ta bugo ƙofa. Ashe labarin ya fita, maƙwabta ai suna da kunne. Ɗan wasan ya tsaya shi kaɗai, ya ɗauki gwangwanin rawaya ya ɗaga kowa ya gani, ya yi jifa da shi. Ya ɗauki baƙi. "Tunda hantsina ya juya mini baya," ya ce, "to ga abin da na bar mata." Ya shiga lafta baƙi a farin ƙyalle, zaure ya ɗauki tafi.

Hantsi ba ta tafa ba. Kai take gyaɗawa a hankali, kamar mai jin hukuncin da ta daɗe da sani, hawaye na sauka a kan jakarta. Wannan gyaɗa kan ne ya karya uwar.

Da aka tashi, ta ja hannun 'yar zuwa wani benci a baranda, mutane na wucewa suna yaba wasan. Ta ce a ranta, Malam ka yafe mini. Ta kwance hankicin, ta ajiye maɓallin a tafin hannun Hantsi, ta faɗa mata komai: likita, rantsuwa, gwangwanaye, wanki. Ba ta rage wa kanta laifi ba ko kaɗan.

Hantsi ta daɗe tana kallon ɗan abin nan fari, da guntun zare a raminsa.

"Ranar da na ce ko kallona ba ya yi..."

"Ke yake nema. Ƙofa ya samu."

"Shekara tara, Mama. Shekara tara kina kallona, wannan yana cikin jakarki?"

"Yana ciki."

"Kin san ko hotonsa ba na iya kallo?"

"Na sani. Ba ni da abin cewa."

Hantsi ta matsa zuwa ƙarshen bencin, ta juya wa uwar baya. Mai Maɓalli ba ta bi ta ba, ba ta kuma roƙe ta ba, don ta san ba yau za a yafe wannan ba, wataƙila ma ba bana ba. Baranda ta watse, ya rage su biyu da mai shara. Can Hantsi ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Wane irin rawaya?"

"Irin rigarki ta aji ɗaya. Ya ce tun daga sama har ƙasa. Ya ce so yake in kin shigo ya kashe miki ido. Yana dariya, Hantsi. Wallahi yana dariya."

Hantsi ta dunƙule hannu a kan maɓallin, ta rufe ido, ta kifa goshi a kan dunƙulen.

"Baba," ta ce. "Wayyo Baba."