Buhunan da Na Ɓoye a Likoro

Gidan da nake ciki a Ikara da kuɗin banki na gina shi. Ɗaki uku ne da falo, sai rijiya a tsakar gida. Lokacin ina aikin koyarwa wani bankin ba da rancen gina gida da ke Zariya ya ba ni kuɗin, ya riƙe takardun filin, aka shirya a riƙa cira daga albashina duk wata. Shekara shida ana cira ban ji a jikina ba. Sai aka rage ma'aikata, ina ciki. Na rungumi gonarmu ta gado da ke Likoro, na koma noma gadan-gadan.

Wata bakwai ban biya ko sisi ba. Takarda ta farko ta zo da lallashi, ta biyu da ɗaure fuska, ta uku kuwa ta ce idan ban zo an daidaita ba za a sa gidan a kasuwa. Daga ranar na daina yarda da kowa. Akwai wani dillalin filaye a layinmu da muke gaisuwar sama-sama, sai ga shi yana tsayawa a ƙofata yana tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya, idonsa na kan kwanon rufi. Na ce a raina, to, an fara taya gidan ke nan.

Ma'aikacin bankin da ke riƙe da fayil ɗina ya yi ta kirana a waya, wai in zo akwai hanya. Laushin muryarsa ma shi ya fi ba ni tsoro. Mutumin da ke bin ka bashi yana ce maka ranka ya daɗe, ai akwai abin da ya taka.

A wurinmu ba a zuwa wurin mai bin bashi kai kaɗai, da babba ake zuwa. Na je Makarfi na ɗauko babban wana, wanda shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Bai tambaye ni komai ba, ya sa babbar riga muka hau mota.

Ma'aikacin saurayi ne mai gilashi, bai kai ƙanena na uku ba. Ya ajiye mana ruwan gora, ban taɓa ba. Na yi masa bayani cewa manomi ba shi da ƙarshen wata, kaka gare shi, don haka a bar ni in riƙa biya sau ɗaya a shekara idan amfani ya zo gida. Ya ce ana yin haka, amma sai manyansa sun ga cewa gonar za ta iya ɗaukar nauyin. Ya jawo takarda, ya buɗe biro.

"Bana buhu nawa ka samu, Malam?"

Na ce alhamdu lillahi, an samu na sawa a baki. Ya ce lamba yake so.

Ni tunda nake ban taɓa jin manomin da aka tambaye shi yawan hatsinsa ya faɗi gaskiya ba. Ko a majalisa, wanda ya samu ɗari cewa yake an ɗan taɓa. Ana tsoron baki, ana tsoron 'yan roƙo. Ni kuma ga ƙarin tsoro: na tabbata ina faɗin lamba, gobe banki zai turo babbar mota a kwashe. Sannan ga Yaya a gefena. Sati uku kafin nan ya zo mini da kansa, ambaliya ta cinye masa gonar rake, ya ce in ranta masa buhu biyar zuwa baɗi. Na ce masa bana masarar ba ta yi ba, na ba shi ɗaya.

Na ce, "Goma sha biyar."

Saurayin ya rubuta. Na sa hannu, Yaya ya sa hannu a matsayin shaida. Na fito ina jin na yi wayo.

Bayan kwana goma ya kira ni ya ce manya sun ƙi. Sun duba sun ga buhu sha biyar ko cin gida ba zai kai ba, balle biyan bashi, don haka maganar sayar da gida tana nan. Na hau shi da faɗa, na ce dama kun shirya, kuna da mai saye, a faɗa mini nawa dillalin ya ba shi. Ya bari na gama, sannan ya ce shi abin da na ba shi ne ya kai sama, bai ƙara ba bai rage ba. Da na gaya wa mai ɗakina, ta dube ni ta ce ita dai ba ta taɓa ganin wanda ya je asibiti ya ɓoye wa likita ciwonsa ba sai ni. Haushinta na ji, don gaskiya ta faɗa.

Washegari na koma Zariya ni kaɗai, na rufe ƙofar ofishin da hannuna, na faɗa masa gaskiya a hankali kamar mai faɗin laifin da ya yi. Bai yi dariya ba. Ya ce yanzu lamba biyu ke nan daga baki ɗaya, ba wanda zai ƙara yarda da magana, sai an je an gani da ido. Kuma shaidan da ya sa hannu a takardar farko dole ya kasance a wurin, don shi zai sa hannu a gyaran. Na roƙe shi a kawo wani shaidan, ya ce ƙa'ida ce. Har yau ban tabbata ba ko ƙa'idar ce, ko so ya yi ya koya mini hankali.

Na kira Yaya na ce masa banki na son ganin hatsi. Ya ce to.

A Likoro wani ɗaki na kama haya a bayan gari, ko maƙwabtana na Ikara ba su san da shi ba. Na buɗe kwaɗon. Buhuna jere har kusa da rufi. Saurayin ya naɗe hannun rigarsa, ya shiga da alli yana yi wa kowane buhu alama, yana soka ƙarfen nan na 'yan hatsi don ya ga ko ba ƙaiƙayi na cusa ba. Ashe shi ma bai yarda da ni ba. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa, hannuwansa a baya. Na kasa kallonsa, na tsura wa allin ido.

"Hamsin da biyu," in ji saurayin.

"Da uku," in ji Yaya. "Akwai ɗaya a bayan ƙofa."

Yaya ya karɓi biro, ya ɗora takardar gyaran a kan buhu ya sa hannu, ya miƙa.

Bayan sati biyu aka amince. Na sayar da buhu ashirin da biyar a kasuwar Makarfi na kai kuɗin, saura kuma duk kaka. Sun ƙara shekara uku a kan wa'adin, da wani kuɗi da suka ce na sake tsari ne, wanda na ba mutum biyu takardarsa suka karanta mini kuma har yanzu ina ganin an cuce ni a ciki. Amma gidan bai tafi ba.

Ranar da na kai masarar kasuwa na biya ta gidan Yaya. Muka gaisa, ya tambayi yara, ya sa aka kawo mini fura. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce na ware buhu huɗu, gobe za a kawo masa.

Ya ce, "Bar su, ka ji da banki. Na sayar da bijimin nomana, mun samu na ci."

Na ce ai da ya faɗa mini. Ya ce ai ya faɗa.

Shekara huɗu ke nan. Yana zuwa gidan nan suna da salla, ya zauna a falo, ya sa wa yara albarka. Bai taɓa tayar da maganar ba, kuma ko aron fartanya bai ƙara nema a wurina ba.