Ranar da Kwamfutar Baba Ta Cika

Shekarun baya, a shekarar da na faɗi jarrabawar probatoire ta sakandare karo na biyu, aikina a gidanmu bai wuce kai abinci ba. Kullum bayan azahar in ɗauki kwanon mahaifina in gangara shagonsa a nan unguwar Briqueterie, in ajiye, in dawo. Ba wanda ya yi mini gori, amma ba wanda yake tambayata shawara ko a kan gishiri.

Mahaifina aikin wuyan riga yake yi. Yana da keken surfani mai aiki da kwamfuta, kuma duk zanen da ya tara suna cikin wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ke gefen keken. Mutumin da ya saka masa manhajar zanen ya daɗe da komawa Gabon, ko lambarsa ba mu da ita.

Saura kwana goma Babbar Sallah na shiga shagon na tarar shiru. Ga shaddodin mutane jibge har kan benci, keke a tsaye, Baba ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Yayana, wanda yake sayar da waya a kasuwar Mokolo, yana tsaye a kan kwamfutar. Wai tun safe da an buɗe zane sai ta rubuta babu wuri, manhajar ta rufe kanta.

Yaya ya ce, "Baba, ta cika. Sai dai a fomate."

"Mene ne fomate?"

"A share komai a sake sabo. Zanen za a iya kwashewa a kile, wato filash, amma manhajar ta tafi ke nan."

Baba ya dubi tulin shadda. Ni dai ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, sai na ji na ce, "Baba, in duba?" Yaya ya yi dariya ya ce in duba miyar dai kada ta huce. Baba ya matsa mini kujera.

Gaskiya ban fara da wayo ba. Na tuna na taɓa zuba hotunan bikin ƙawata a ciki a ɓoye, sai na ce lallai ni ce na cika ta. Na yi maza na share su duka, har da wanda na fi kyau a ciki, na kwashe kwandon sharar kwamfutar. Jan layin nan da ke nuna cika ko motsi bai yi ba. Na yi asarar kwalliyata a banza.

Daga nan na natsu na fara karanta abin da ke gabana. Na shiga inda aka rubuta stockage, wato ma'ajiya, sai ga lissafi dalla-dalla. Zanen Baba gaba ɗaya ba su kai jiga ɗaya ba, ma'aunin wuri ke nan a kwamfuta. Sistem ɗin da ke tafiyar da kwamfutar, shi ya cinye fiye da rabin wurin. Ashe kwanakin baya ya sabunta kansa, kuma ya ajiye tsohon a gefe, ga tarkacen da ya bari a baya.

Na ce, "Baba, ba kayanka ba ne. Ita ce ta sa sabuwar riga, ta ƙi cire tsohuwar."

Ya leƙo ya ce, "To in kin cire mata, ba za ta tsaya tsirara ba?"

Na ce sabuwar na jikinta. A raina kuwa addu'a nake yi. Na ari kilen Yaya na kwafe zanen tukuna. Sannan na bi jerin ɗaya bayan ɗaya, ina karanta kowane layi sau biyu. Na zaɓi tsohon sistem da tarkacen, na bar wurin da hotunan masu kawo ɗinki suke. Na yi bisimilla na danna.

Ta daɗe tana juyawa. Yaya ya ce shi dai ba ruwansa. Aka kira la'asar, suka tafi masallaci, na zauna ni kaɗai ina kallon layin. Kafin su dawo layin ya koma shuɗi, wuri ya buɗe sama da jiga ashirin. Baba ya buɗe wani zane mai aska takwas, ya ɗaura farar shadda, keke ya kama ruri.

Mahaifina ba mai yabo ba ne. Bai ce mini komai ba sai, "Zauna mu ci." A kwano ɗaya muka ci, rabona da haka tun ina ƙarama. Muna cikin ci maƙwabcinsa tela ya leƙo yana tambayar wane mai gyara aka kira. Baba ya nuna ni da cokali ya ce, "Ga ta nan. A gidana take."

Yanzu na san abin da na yi ba wani babban aiki ba ne, duk mai gyara zai yi shi yana hira. Amma a lokacin na riga na yarda kaina ba ya ja, tun da takarda ta faɗa har sau biyu. Ranar na gane ina iya natsuwa in fahimci abu lokacin da kowa ya rikice. Bayan Sallah na shiga koyon kwamfuta wajen unguwar Cité Verte, yau da ita nake ci. Baba ya tsufa, ido ya rage, amma har gobe in baƙo ya zo gaishe shi sai ya ba shi labarin nan, kuma kullum jigar ƙaruwa take yi. Wancan satin na ji ta kai ɗari. Ban gyara masa ba.