Kan Dabinon Baba Mai Shebur

Yaran unguwa ba su san cewa Baba Mai Shebur tela ba ne a da. Sun buɗe ido sun gan shi kullum da safe, shebur a kafaɗa, yana hawa tudun rairayin da ke bayan gari.

Tudun nan shi ya ci gidansa. Ba da gaggawa ya ci ba. Ya fara da katangar baya, ya shiga madafa, sannan ya toshe tagar ɗakin da matarsa ta yi jinyar ajali. Baba ya kwashe keken ɗinki da gado da yara ya koma cikin gari. Abin da ya kasa ɗauka shi ne dabinon da marigayiyar ta shuka a tsakar gida. Rairayi ya binne gangar jikinsa, saura kai kawai a waje, kore shar a tsakiyar fari. Shi Baba ke zuwa yashewa, don kada ya shaƙe.

"Baba, mu ma da kake tarairayarmu haka da mun yi ƙiba," in ji Auta, 'yarsa ta ƙarshe.

"Ke ai bakinki ya ishe ki. Shi ba ya iya cewa an danne shi."

Sai masu yawon buɗe ido suka gano tudun. Wani kamfani ya kafa tantuna a gindinsa, ya shimfiɗa hanyar katako, ya kewaye sauran da igiya. Gari ya samu fitila da famfo. Mata na sayar da tabarmi, samarin da suka tafi neman aiki suka fara dawowa. Auta ta zama mai yi wa baƙi jagora, da hular rana da 'yar jakar ruwa. Baba ya yi murna har ya rage mata tsawon rigar aikin da hannunsa.

Dokar wurin ɗaya ce: kada a ɗauki komai, kada a taɓa komai, a bar tudu yadda iska ta ga dama. Akwai ƙadangaru da ƙwari da ke ƙwai a cikin rairayin, su ne baƙi ke zuwa gani.

Manajan kamfanin mutum ne mai kunya, bai iya tarar tsoho ba. Auta ya aika.

Ta same shi a zaure yana ɗaure ƙotar shebur da waya. Ta durƙusa, ta daɗe tana jan zaren tabarma.

"Baba, an ce a daina haƙa."

"Ba haƙa nake ba, 'yar nan. Fuska nake share masa."

"Na faɗa musu. Sun ce in an bar mutum ɗaya, gobe kowa zai zo da nasa dalilin."

Ya dubi rigar da ya rage mata. Ya jingine shebur a bayan ƙofa.

Daga hanyar katako yake kallo bayan nan. Rairayi ya hau ganyen ƙasa, ya hau na tsakiya. Kore ya koma ruwan ƙasa. Wata safiya bayan iska mai ƙarfi, tudu ya wayi gari sumul, kamar ba a taɓa shuka komai a duniya ba. Baƙi suka yi ta ɗaukar hoto, suna cewa ba su taɓa ganinsa da kyau haka ba.

Wata baƙuwa da ta ji labari ta sa Auta ta tambaye shi inda gidan yake. Baba ya ɗaga hannu. Hannun ya yi dama, ya dawo hagu, ya tsaya a iska. Ba alama ko ɗaya.

Auta ta kama yatsansa ta nuna wani gefe.

"Nan ne, Baba."

Ya san kintace ta yi. Ita ma ta san ya sani.

"To," ya ce. "Nan ne."

Har yau shebur ɗin na bayan ƙofa. In an kira Baba da sunan Mai Shebur yakan amsa, sai dai ba ya juyowa da wuri.